Oda ta Niyok, uba a Teksas, yara a Jojiya: wace kotu ce ke da hurumin rage kuɗin ciyarwa?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, ga taƙaitaccen abinda ya ce. Sun rabu da matarsa suna zaune a Buronks da ke birnin Niyok a Amurka, a 2019 kotun iyali ta Niyok ta yanke masa dala 900 duk wata na ciyar da yaransu biyu, yanzu babban shekararsa 16 ƙaramar 11. A 2022 uwar yaran ta kwashe su ta koma Atlanta a jihar Jojiya, shi kuma 2023 ya koma Huston a Teksas. Kamfanin da yake wa aiki sun sallame shi, abinda yake samu yanzu bai fi rabin na da ba, wata biyar kenan 400 kawai yake iya turawa. Abokai sun ce masa ya je kotun Huston za su rage masa, wai kuma tunda yana Teksas da zarar yaro ya kai 18 shikenan ya huta. Yana tambaya haka ne?

Toh Malam, Allah ya kawo mafita ya buɗa wata ƙofar. Na jima ina aiki a ɓangaren shari'ar iyali a nan Amurka kuma wannan tambayar taka kusan duk wata sai an min irinta, dan haka bari in faɗa maka kai tsaye, abokanka sun yi kuskure a duka biyun. Kotun Huston ba ta da hurumin taɓa odar nan in kai ne ka kai ƙara, inda za ka nufa Jojiya ce, jihar da ita take zaune. Batun shekara 18 kuma ka cire shi a ranka, 21 ce, ta Niyok, kuma za ta bi ka duk jihar da ka koma. Akwai kuma abu na uku da ba ka tambaya ba wanda ni ya fi damuna akan waɗancan, wato watanni biyar ɗin nan da kake tura 400, zan zo kansa.

Dokar da ke tafiyar da wannan harka sunanta UIFSA, dokar bai-ɗaya ce ta ciyar da iyali tsakanin jihohi. Kafin ita abin ruɗani ne sosai, a ƙarƙashin tsohuwar dokar da aka fara a 1950 uba ɗaya sai ka same shi da oda biyu ko uku akan yaro ɗaya, wannan jiha ta ce 300 waccan ta ce 500, kowacce kuma tana lissafa masa bashinta daban. A 1992 aka fito da UIFSA dan a kashe wannan matsalar, a 1994 majalisar tarayya ta yi tata dokar da ta tilasta wa kowace jiha mutunta odar 'yar uwarta, sannan a 1996 aka ce duk jihar da ke son kuɗin tarayya na wannan ɓangare dole ta ɗauki UIFSA kafin 1 ga Janairun 1998. Yanzu duk jihohi hamsin suna aiki da gyararren tsarin 2008. Amfanin sanin wannan a gare ka shine ba wata jiha da za ka gudu ka samu wata ƙa'ida daban akan hurumi, abinda alƙalin Huston zai karanta shi na Atlanta zai karanta.

Tushen dokar ɗaya ne, oda ɗaya a lokaci ɗaya, kotu ɗaya mai ikon canza ta. Jihar da ta fara bada odar ita kaɗai ke da hurumin gyara ta matuƙar ɗaya daga cikin mutum uku yana zaune a cikinta, mai biya, ko mai karɓa, ko yaron. Mutum ɗaya ya isa. Kaga lokacin da ita ta koma Atlanta a 2022 kai kana Buronks, Niyok ce ke riƙe da komai, da tana son ƙari a lokacin Niyok za ta dawo ta nema. Ranar da kai ma ka tattara ka bar jihar ne wannan hurumin na canzawa ya kuɓuce wa Niyok. Amma ka lura da kyau, odar ba ta mutu ba. Mutane da yawa a nan suke faɗawa rami, suna ɗauka tunda kowa ya bar Niyok to takardar ta zama tarihi. Tana nan da ranta, 900 ɗin tana hawa kanka duk wata, Niyok na iya tilasta ka biya, Teksas ma na iya tilasta ka, har ma ana iya aika takardar cirewa daga albashi kai tsaye zuwa wajen aikinka a Huston ba tare da an bi ta wata kotun Teksas ba. Tilasta biya daban, canza adadi daban. Na farkon kusan duk inda kake da albashi ko dukiya ana iya yi, na biyun ne ke da ƙofa guda.

To da kowa ya watse, ina ƙofar take? Sashe na 611 na UIFSA ya ce wata jiha za ta iya gyara odar in an cika sharaɗi uku, babu wanda ya rage a jihar asali, wanda ya kawo ƙarar ba mazaunin jihar da ya kai ƙarar ba ne, kuma kotun tana da iko akan wanda ake ƙara. Sharaɗi na biyun nan shine ya rufe maka Huston. Lauyoyi a nan da yaren ƙwallo suke kwatanta shi, wai mai neman canji shi ke buga wasan waje. Kai kake son a rage, kai za ka bi ta gidanta. Da ita ce ke son a ƙara, ita za ta biyo ka Teksas, ba za ta iya shiga kotun Atlanta ta sa a ƙara maka kana Huston ba. Ni a ganina wannan ƙa'idar adalci ce duk da tana da ciwo ga wanda aljihunsa ya riga ya huje, domin in ba haka ba kowa sai ya duba taswira ya zaɓi jihar da lissafinta ya fi masa daɗi ya tare can wata biyu ya kai ƙara, ɗayan kuma ya yi ta sintiri.

Wannan maganar ta ikon kotu akan mutum tana da tarihi. A 1978 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yi hukunci a shari'ar Kulko, wani likitan haƙori ne a Niyok da suka rabu da matarsa ta koma Kalifoniya, 'yarsu ta ce tana son zama wajen uwarta ya saya mata tikitin jirgi ta tafi, daga baya ɗan ma ya bi. Uwar ta kai shi ƙara a Kalifoniya tana neman ƙarin kuɗi, Kotun Ƙoli ta ce a'a, barin yaro ya je ya zauna da uwarsa bai isa ya ba waccan jihar iko akan uban ba. Tun daga nan aka san cewa kasancewar yaro a jiha kaɗai ba ya jawo uba cikin kotunta akan maganar kuɗi. Kuma a nan ne ake yawan cakuɗa abu biyu. Riƙon yara da ziyara wata doka ce daban ke kula da su, UCCJEA, ita tana duba inda yaro yake zaune ne, galibi wata shida na ƙarshe. Kuɗi kuma mutum ake bi. Shi ya sa za ka ga iyali ɗaya maganar riƙo tana wata jiha maganar kuɗi tana wata, kuma duk daidai ne a doka.

Akwai hanyoyin da za su sauƙaƙa maka in kuna ɗasawa da ita. Ku biyun za ku iya rubuta yarda ku shigar a kotun Niyok cewa kun amince wata jiha ta karɓi hurumin, ko Jojiya tunda yaran suna can, ko Teksas in ta yarda. Haka kuma kuna iya yarda a rubuce cewa Niyok ɗin ta ci gaba da riƙewa duk da ba kowa a can. Amma yardar sai ta shiga fayil ɗin kotu, saƙon WhatsApp ba ya wadatarwa. In kuma wata rana kuka tsinci kanku a jiha ɗaya, misali ka koma Jojiya da zama, to sashe na 613 ya ba kotun wannan jihar damar gyarawa kamar shari'ar cikin gida. Sannan in ka koma Niyok da zama na gaskiya kafin wata jiha ta taɓa odar, huruminta ya dawo, domin ana duba inda mutane suke ne ranar da aka shigar da buƙatar. Na ce zama na gaskiya fa, ba ka ari adireshin abokinka a Buronks ba, alƙalai sun saba ganin wannan, za su tambayi takardar haya da lasin tuƙi da inda kake biyan haraji.

Yanzu yadda ake yi a aikace. Ba sai ka sayi tikitin Atlanta gobe ba. Kowace jiha tana da ofishin gwamnati mai kula da kuɗin ciyar da yara, a Teksas yana ƙarƙashin ofishin Antoni Janar na jiha, kuma ba na uwaye mata kaɗai ba ne, mai biya ma yana da haƙƙin ya buɗe fayil ya nemi a sake duba odarsa. Su za su haɗa takardun su aika wa takwaransu na Jojiya. Matsalarsa jinkiri, takarda tsakanin ofisoshin jihohi biyu tana iya cin watanni, kuma lauyoyin ofishin gwamnati suke wa aiki, ba kai ba, ba ita ba. In kana da halin ɗaukar lauya a Jojiya, a gundumar da take zaune, ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma a halin da kake ciki sauri kuɗi ne. Ko ta wace hanya ka bi, matakin farko shine a yi wa odar Niyok rajista a kotun Jojiya, ana buƙatar kwafi biyu ɗaya mai hatimin kotun da ta bada ita, da takardar rantsuwa da ke nuna nawa aka biya nawa ya rage. Wanda aka aika wa sanarwar rajistar galibi kwana 20 yake da shi ya yi jayayya, in ya yi shiru an tabbatar da odar da lissafin bashin yadda aka rubuta. Ana iya shigar da buƙatar ragewa tare da rajistar a lokaci ɗaya. Ranar zaman kotu kuma dokar ta ce a bar wanda ke wata jiha ya bada shaida ta waya ko bidiyo, dan haka kana iya yin shari'ar daga ɗakinka a Huston. Kuma shigarka wannan shari'ar ba ya ba kotun Jojiya damar ta kama ka da wata ƙara daban da ba ta shafi ciyarwa ba, dokar ta kare ka a nan.

In Jojiya ta karɓa, lissafin sabon adadin da ma'auninta za a yi, ba na Niyok ba. Jihohin nan uku kowacce da salonta. Niyok kaso take ɗauka daga samun iyaye, 17 cikin ɗari na yaro ɗaya, 25 na biyu. Teksas tana duba abinda ya rage wa mai biya bayan haraji, 20 cikin ɗari na ɗaya, 25 na biyu. Jojiya kuma tana haɗa samunka da nata ta duba jadawali ta ga nawa iyali mai wannan samun ke kashewa yara biyu, sai a raba muku gwargwadon abinda kowa ke samu, a sa inshorar lafiya da kuɗin renon yara a ciki. Wato albashinta ma zai shigo lissafi, in tana samu sosai yanzu zai taimake ka. Dole ka nuna canji mai girma ya faru, kuma sallama daga aiki ba da laifinka ba tana cikin abinda ake karɓa, Jojiya ma tana da tanadi na musamman ga wanda ya rasa kashi 25 cikin ɗari ko fiye na samunsa ba da son ransa ba. Ka adana takardar sallamar, da shaidar duk inda ka nemi aiki, da takardun harajinka. Abinda alƙali zai fara zargi shine ko da gangan ka rage samu, in ya gamsu da haka zai lissafa maka abinda ya kamata ace kana samu ne ba abinda ke shigowa ba. In kana tuƙin Uber ko wata sana'ar kanka, kar ka ɓoye komai, bayanan banki za su tona. Wani abu da ke ba 'yan'uwanmu mamaki, kuɗin da kake turawa gida na mahaifiya da ƙanne da ginin da ka fara, galibi ba a cire su daga lissafi, a idon kotu 'ya'yan cikinka ne a gaba. Kuma ka sani ƙofar da ka buɗe tana buɗuwa ta ɓangare biyu, in lissafi ya nuna ƙari ya kamata ana iya ƙarawa, dan haka ka sa a buga maka lissafin Jojiya tukuna kafin ka shigar, suna da na'urar lissafin a intanet kyauta.

Sai maganar shekara 18. Gaskiya ne a Teksas ciyarwa tana ƙarewa in yaro ya kai 18 ko ya gama sakandare, duk wanda ya zo daga baya, Jojiya ma 18 ce, ana iya ja zuwa 20 in yana sakandare. Amma dokar ta faɗa ƙarara cewa tsawon lokacin biya yana bin dokar jihar da ta bada odar farko, kuma sabuwar kotu ba ta da ikon taɓa abinda jihar asali ba ta yarda a taɓa ba. Niyok 21 ce. Dan haka ko Jojiya ta rage maka zuwa 500, za ka biya har babban ya kai 21, saura shekara biyar kenan ba biyu ba, ƙaramar kuma saura goma, sai dai in yaron ya fita daga hannun iyaye kafin nan a ƙa'idar Niyok, kamar ya yi aure ko ya shiga soja ko ya tsaya da ƙafarsa da cikakken aiki. Abin yana aiki ta ɗaya gefen ma, uwar da aka ba oda a Teksas ba za ta koma Niyok ta sa a ja mata zuwa 21 ba. Kuma ranar da babban ya cika 21 kar ka raba kuɗin biyu da kanka, in odar dunƙule take ba a ware na kowane yaro ba sai ka koma kotu an sake lissafi.

To ga abinda na ce ya fi damuna. Tun 1986 akwai dokar tarayya da ake kira gyaran Bradley, ta ce duk kuɗin ciyarwa da ranar biyansa ta zo ba a biya ba ya zama hukuncin bashi da kansa, kuma babu alƙalin da ke da ikon komawa baya ya rage shi. Iyakar bayan da ragi zai iya komawa shine ranar da aka sanar da ɗaya ɓangaren cewa ka shigar da buƙata, ba ranar da aka sallame ka ba. Kai wata biyar kana tura 400 maimakon 900, bashin da ya taru dala 2,500 kenan, kuma ko alƙalin Jojiya ya tausaya maka har ya yi hawaye ba zai iya goge ko dala ɗaya ba, ga kuɗin ruwa da ake lissafawa da dokar Niyok. Ko ka shelanta karyewar arziki a kotu wannan bashin ba ya faɗuwa. Kuma 2,500 ɗin nan lamba ce mai haɗari, da zarar bashi ya haura nan gwamnatin tarayya ke fara hana mutum fasfo ɗin Amurka ko sabunta shi. Na ga wanda ya biya kuɗin kujerar Hajji ya je sabunta fasfo aka ce masa sai ya je ya daidaita da ofishin ciyarwa, abin ba daɗi wallahi. Banda wannan ana riƙe kuɗin harajin da gwamnati ke dawo maka da shi, ana dakatar da lasin tuƙi, wanda ga mai neman abinci da mota ka san me hakan ke nufi, kuma cirewa daga albashi na iya kaiwa kashi 50 zuwa 65 cikin ɗari na abinda ya rage bayan haraji. In bashin ya wuce 5,000 ko ya haura shekara alhali yaran suna wata jiha kuma aka ga da gangan ne, ya shiga laifin tarayya. Duk watan da ka ƙara kana shawara da abokai a majalisa, wata 500 ce ta hau.

Na san al'adarmu, za a ce a kira manya ko liman a zauna a sasanta, ita ma ta ce ba komai ka riƙa bada 400 har Allah ya hore. Sulhu alheri ne ban hana ba, amma kwamfutar ofishin ciyarwa ba ta san an yi zaman ba, 900 take rubutawa duk wata. In kun daidaita ku rubuta ku kai alƙalin da ke da hurumi ya sa hannu, sannan ya zama oda. Haka kuɗin da kake bata a hannu ko ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko sayayyar kayan sallah, in odar ta ce ta ofishin jiha za ka biya, ana iya ɗaukar wancan a matsayin kyauta, ka biya ta inda aka ce ka ajiye rasit.

Wani kuma zai ce to in na koma gida gaba ɗaya fa? Tsarin 2008 ya yi tanadin wannan, in ɗaya yana wata jiha ɗayan kuma ya bar Amurka, kotun da ta bada odar tana riƙe da ikon gyarawa, wato a naka Niyok kenan. Amurka tana cikin yarjejeniyar Heg ta 2007 ta karɓo kuɗin ciyarwa tsakanin ƙasashe, ta fara aiki a nan 1 ga Janairun 2017, Najeriya ba ta ciki, dan haka bin mutum har can yana da wuya, amma bashin yana nan yana taruwa yana jiran ranar da za ka nemi fasfo ko ka dawo ka kama aiki, kuma wa'adin bin sa ana ɗaukar wanda ya fi tsawo ne tsakanin na jihar da ta bada odar da na jihar da ake bin bashin.

In Jojiya ta yi hukunci, daga ranar ita ce mai hurumin, kuma kai da ka nema kake da alhakin kai kwafin sabuwar odar mai hatimi kotun Niyok cikin kwana 30, da duk inda aka taɓa yi wa tsohuwar rajista, in ba haka ba sai ka ga ana ci gaba da cire maka 900 a albashi alhali an rage. In a cikin odar taku akwai kuɗin ita matar kanta banda na yara, wannan kam ba ya tashi daga Niyok har abada, can kaɗai ake canza shi ko da kowa ya bar jihar. A satin nan ka kira kotun iyali ta Buronks ka nemi kwafin odar mai hatimi da lissafin abinda ka biya, ka buɗe fayil a ofishin Teksas ko ka nemi lauya a gundumarta, kuma kafin a yi zama ka ci gaba da tura duk abinda ka iya ta hanyar ofishin, ko 400 ɗin ce, domin alƙali yana kallon wanda ke biyan wani abu daban da wanda ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya.